Kafin Ka Murɗa Makulli: Sharhi Kan Man Da Ya Daɗe A Tanki

Sharhinmu na yau a kan motocin da aka jingine ne, da kuma man da aka bari kwance a cikinsu.

Duk wanda ya zaga unguwanninmu zai gan su. Mota ce a gindin mangwaro ko darbejiya, an lulluɓe ta da tampol, tayoyi sun sace, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Ba sai an tambayi dalili ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabin rantsar da shi cewa tallafin mai ya ƙare, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. Malamin makaranta ya jingine motarsa ya koma babur. Ɗan fansho ya jingine tasa ya koma sayyadarsa.

Mu a ƙasar Zuru muna da ƙarin wasu dalilan. Ƙasa ce da ta yi suna wajen ba Najeriya sojoji. Yaro yana can bakin daga a Borno ko Yobe, motarsa tana nan gidan mahaifinsa, ba mai taɓa ta sai ya zo hutun Kirsimeti, ko Sallah, ko bikin Uhola. Akwai direban haya da ya daina bin wasu hanyoyin Danko-Wasagu da Sakaba saboda 'yan bindiga, ya ajiye motar yana jiran Allah ya kawo sauƙi. Akwai motar mamaci da ke jiran rabon gado. Ga tarakta da ke hutawa duk tsawon rani, ga injin ban ruwa da ke hutawa duk tsawon damina, ga janareta da ba a tunawa da shi sai an ɗauke wuta ranar biki. Duk waɗannan da mai a cikinsu aka ajiye su.

To ga inda gizo ke saƙar. Mu manoma ne, 'ya'yan manoma. Mun saba da cewa abin da ka adana dukiya ce. Ka zuba dawa a rumbu, ka liƙe da kyau, bayan shekara biyu ka buɗe ka tarar da dawarka, wataƙila ma ta ƙara daraja a kasuwa. Da wannan idon muke kallon rabin tankin da muka bari a mota, muna cewa ai kuɗi ne a ajiye. Amma tanki ba rumbu ba ne. Fetur tun ranar da ya baro matata yake kan hanyar mutuwa, kuma idan ya mutu ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja injin ya tafi da shi.

Bari mu duba abin da ke faruwa a cikin tankin nan da muka rufe muka tafi. Abubuwa uku ne.

Na farko, ƙarfinsa yana fita. Fetur haɗin sinadarai ne masu yawa, wasu masu nauyi, wasu marasa nauyi. Marasa nauyin su ne ke saurin zama tururi, kuma su ne ke kama wuta da zarar filogi ya ba da tartsatsi, musamman da safe lokacin da inji ya yi sanyi. Su ne kuma ke fara guduwa. A zafin bazara irin namu, watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke kai maki 40 a ma'auni, gudun nasu ya fi sauri. Abin da ke saura mai ne a ido, amma ya yi nauyi, ba ya son kamawa. Shi ya sa za ka ji mota tana ta kuka, batir yana ƙarewa, ta ƙi tashi.

Na biyu, iskar da ke saman tankin tana cin man a hankali, tana mai da wani ɓangarensa danƙo. Danƙon nan yakan kwanta a gindin tanki, ya liƙe a jikin famfon mai, ya toshe filta. A tsofaffin motoci masu kafireta, irin su Fijo 504 da muka taso muka gani, da babura da janareta, yana toshe 'yan ƙananan ƙofofin da mai ke bi. A motocin zamani masu nozul kuwa, ƙofar da mai ke fesowa ta cikinta siririya ce ƙwarai, ɗan abu kaɗan ya isa ya rufe ta.

Na uku, ruwa. Za ka ce ina ruwa ya fito, alhali murfin a rufe yake? Daga iska ya fito. Da rana tanki ya yi zafi, da dare ya huce, sai raɓa ta taru a bangonsa ta ciki, ta gangara. Tun daga Mayu har Oktoba, duk tsawon daminarmu, haka ake yi dare da rana. Ruwa ya fi fetur nauyi: litar ruwa kilo ɗaya ce, litar fetur kuwa wajen kashi uku cikin huɗu na kilo. Saboda haka ruwan ƙasa yake sauka, kuma a can ƙasan ne famfon mai ke sa bakinsa. Idan tankin na ƙarfe ne, sai tsatsa ta biyo baya. Yadda tanki ya fi zama fanko, haka iska ta fi yawa a ciki, haka ruwa ya fi taruwa.

Masu sauraro za su tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar mai ta sanar cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Daga Beljiyam aka yi lodinsa. An sha dogayen layuka a gidajen mai, masu motoci da yawa kuma sun koka cewa injinansu sun lalace. Darasin da ya kamata mu riƙe daga wancan lokacin shi ne, mai marar kyau yana iya kashe inji lafiyayye. Wancan daga ƙetare aka kawo mana shi. Wannan da muke magana a kai, mu ne muke haɗa shi da kanmu a bayan gida, ta hanyar barinsa ya yi ta kwana.

Wata nawa ne mai zai yi kafin a fara shakkarsa? Abin da masana harkar suka saba faɗa shi ne, fetur a tankin mota yakan fara lalacewa daga wata 3 zuwa wata 6. A ƙasa mai zafi, ka ɗauki ƙaramin lissafin. Wanda ya shekara kuwa, kada ka tsaya yi masa kyakkyawan zato.

Yanzu ga ranar da mai mota ya dawo. Ya yaye tampol, ya kakkaɓe kujera, ya aro batir a maƙwabta, yara sun kewaye shi. Abu na farko da hannunsa ke so shi ne ya murɗa makulli ya ji ko za ta tashi. Ɗan'uwa, dakata. A motar zamani, da zarar ka murɗa makulli fitilun gaban direba suka kama, tun kafin inji ya juya, famfon mai ya riga ya fara aiki. Ya zuƙo ruwan nan da tsatsa da danƙo daga gindin tanki, ya tura su gaba. Matsalar da take kwance wuri ɗaya, wadda za a iya kwashewa cikin sa'a guda, ka raba ta ko'ina a cikin injin da murɗawa ɗaya. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Abin da ya dace shi ne a fara gwada man. Buɗe murfin tanki ka ɗan shaƙa daga nesa, ba wai ka kafa hanci ba. Sabon fetur warinsa sananne ne. Wanda ya mutu warinsa yakan koma tsami-tsami, irin na tsohon fenti. Sai a ɗebo kaɗan a zuba a farar kwalba, a ajiye ta a inuwa na ɗan lokaci. Idan ya yi duhu, ko ya yi gurɓi-gurɓi, ko ka ga baƙin gari ya kwanta, ko ka ga layi ya raba shi biyu, ruwa a ƙasa mai a sama, to magana ta ƙare. Sai a juye.

Wajen juyewar ne hankalina ya fi tashi, domin a nan ake rasa abin da ya fi inji tsada.

Kowa ya san yadda muke yi. A samo tiyo, a zura a tanki, a sa baki a zuƙa, in man ya taho a yi maza a tofar a mai da tiyon cikin jarka. Yaran gareji suna yi kullum, 'yan bumburutu suna yi, har abin ya zama kamar gwaninta. Jama'a, wannan wasa da rai ne. Haɗarin fetur ba a ciki ya fi yawa ba, a huhu yake. Ɗan kaɗan ya kuskure ya bi ta maƙogwaron iska, sai ya bazu a huhu ya ƙona shi. Mutum zai yi tari, ya ce ba komai, ya ci gaba da aiki. Bayan wasu sa'o'i zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya fara gagara. Idan tsautsayi ya sa wani ya haɗiyi fetur ko kananzir, kada a sa shi amai, domin aman ne ke mai da man cikin huhu. Kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba. A cire masa rigar da man ya jiƙa, a fitar da shi inda iska take, a garzaya da shi asibiti. Kuma iyayen gida a gareji, ku ji tsoron Allah game da yaran da aka ba ku amana su koyi sana'a. Akwai ɗan famfon hannu na roba da ake matsawa ya jawo mai, ana samunsa wurin masu sayar da kayan mota, kuɗinsa bai kai na jinyar kwana ɗaya ba.

Ban da haka ma, yawancin motocin zamani an sa musu wani abin tsaro a wuyan tanki da ke hana tiyo wucewa. Ka yi ta cusawa, ƙarshe ka lalata shi. Wasu tsofaffin motoci suna da noti a gindin tanki da ake kwancewa man ya zubo. Waɗanda ba su da shi, bakaniken da ya san aikinsa yakan bi ta wurin famfon mai, wanda a motoci da yawa yake ƙarƙashin kujerar baya, ko ya kwance layin mai ya karkatar da shi cikin jarka. Idan dauɗar ta yi yawa, sai an sauke tankin gaba ɗaya an wanke shi, an shanya ya bushe. Bayan nan a canza filta, a wanke kafireta ko nozul, a duba tiyoyin roba ko sun tsattsage, sannan a zuba sabon mai. Tunda an zo, a canza baƙin mai, a gwada birki, a leƙa ko ɓeraye sun ci waya. Wannan aikin bakanike ne. Ka kira shi ya zo inda motar take, ko a ja ta zuwa gareji, kada ka tayar da ita don ka kai masa.

Sai maganar wuta. Mutane da yawa suna zaton ruwan man ne ke kamawa. Tururinsa ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, don haka ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi, yana rarrafe ba ka ganinsa. Zai iya ratsa tsakar gida ya tarar da murhun uwargida, ko garwashin mai shayi a ƙofar gida, wutar ta biyo shi da gudu har inda kake tsugune. Ba mu manta da Majiya ta Jihar Jigawa ba, a watan Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu wajen kwasar man tankar da ta faɗi. Ba mu manta da mahaɗar Dikko a maƙwabciyarmu Jihar Neja ba, a watan Janairun 2025, inda fiye da mutum 80 suka rasu, rahotanni kuma suka ce an kunna janareta ne ana ƙoƙarin juye man zuwa wata tankar. Allah ya jiƙansu. Abin da ya kama a can, shi ne dai yake cikin tankin motarka. Yawa ne kawai ya bambanta.

Saboda haka a yi aikin a fili, da rana, nesa da madafi. A cire kan batir kafin a fara, a soma da baƙar waya. Ba taba, ba ashana, ba fitilar kananzir, ba janareta a kusa. Kada a yi amfani da famfon ruwa na lantarki wajen jan fetur. A ajiye jarkar a ƙasa, ba a cikin but ko bayan a-kori-kura ba, musamman da hunturu, lokacin da bushewar iska ke sa ko rigar jikinka ta ba da tartsatsi. A kori yara. A tanadi bokitin yashi ko tukunyar kashe gobara. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, ɗaukarta yake ya yaɗa ta.

'Yan'uwanmu masu walda, ku ma ga naku. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin yanzu cike yake da tururi gauraye da iska. Idan an kawo muku tanki mai yoyo, kada wuta ta kusance shi sai an wanke shi sosai, an tabbatar babu sauran tururi a ciki.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa yanzu. Yana cewa, Malam, kai fa a bakin makirfo kake, lita 30 ce a motar nan, in ka lissafa a kan naira 900 ma, naira 27,000 ke nan, ka ce in zubar? Ban raina wannan magana ba. A wannan zamani kuɗi ne da zai ciyar da gida kwanaki. Amma ka je wurin mai sayar da kayan mota ka tambayi kuɗin famfon mai, ka tambayi na nozul huɗu, ka haɗa da ladan bakanike da kwanakin da motar za ta ƙara yi a kwance. Sannan ka tuna kuɗin nan da kake jin ciwonsu ba yau za ka yi asararsu ba, ka riga ka yi tun watannin da man ya lalace. Abin da ya rage shi ne ko za ka ƙara wata asarar a kai. Kada garin neman ƙiba a samo rama.

Kuma ba kowane tsohon mai ne ake yarwa ba. Idan ka gwada a kwalba ka ga yana nan garau, babu ruwa, babu gari, warinsa bai juya ba, ana iya tace shi, a riƙa sirka shi da sabo, kashi ɗaya na tsoho cikin kashi uku ko huɗu na sabo, har ya ƙare. Wanda ya mutu kuwa, a zuba shi a jarka mai murfi, a rubuta a jikinta, a ba kanikawa, sukan wanke kayan inji da shi a fili.

Ga inda ba zai je ba. Ba a zuba shi a lambatu, ba a tona rami kusa da rijiya, domin ƙasa tana tsotse shi ta kai shi ruwan da muke sha, kuma a cikinsa akwai sinadarin benzin da likitoci suka tabbatar yana jawo cutar daji. Ba a zuba shi a masai don kashe kyankyasai. Ba a ajiye shi a ɗakin kwana, balle a gorar lemo inda yaro zai ɗauka ya kurɓa. Ba a gauraya shi da kananzir ko kaɗan, an sha rasa iyalai a ƙasar nan sanadin gurɓataccen kananzir da ya fashe a risho ko fitila. Sannan kada ka kai shi bakin titi ka sayar wa ɗan acaba a matsayin sabo. Wannan algus ne, masallaci da coci duk sun hana. Bawan Allah ya fito neman abin da zai kai gida, ka sa ya wuni yana tura babur.

Masu tarakta da manyan motoci, man gas ya fi fetur jimiri, yakan kai wata 6 zuwa shekara, kuma ba ya saurin kama wuta kamarsa. Amma shi ma yana da cutarsa. Inda ruwa ya haɗu da gas a gindin tanki, wasu ƙwayoyin halitta sukan yi gida, su haifar da baƙar yauƙi mai toshe filta. Taraktar da ta kwana tun kaka, a tsiyaye ruwan da ke gindin tankinta, a canza filta tun a watan Afrilu. Kada a bari sai ruwan shuka ya sauka, kowa yana layin huɗa, sannan ta mutu a tsakiyar gona.

Wanda kuma yanzu yake shirin jingine tasa, ga hanya mai sauƙi. Idan tafiyar ta wata biyu ko uku ce, ka cika tanki, domin cikakken tanki ba ya barin wa iska wuri. Ka ajiye ta a inuwa. Ka sami amintacce ya riƙa fita da ita duk mako ɗaya ko biyu, ya yi tafiyar kamar rabin sa'a, ba wai ya tayar da ita a tsaye minti biyar ya kashe ba. Idan ka san za ka wuce wata 6, kuma ba mai tuƙa ta, ka ƙarar da man ko ka sa a juye shi tun yana da amfani, ka zuba wa babur, ka cire batir. Babur da janareta da injin ban ruwa kuwa, rufe makunnin mai, ka bar injin ya yi ta aiki har ya mutu da kansa, sannan ka kwance ɗan notin gindin kafireta sauran ya tsiyaye. Aikin minti goma ne.

Kirana na ƙarshe ga shugabanni ne. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da ƙungiyar direbobi ta NURTW suna da faɗa a ji a gareji da tasha. Za su iya sa doka a tsakaninsu cewa kowane gareji ya mallaki famfon hannu da bokitin yashi, kuma duk maigidan da aka kama ya sa yaro zuƙar mai da baki ya biya tara. Jami'an kashe gobara su riƙa leƙa garejoji suna nuna wa matasa yadda ake tunkarar wutar mai. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a nan Zuru, wadda aka kafa a 2020. Malamanta da ɗalibanta za su yi wa manoma babban taimako idan suka shigar da kula da tarakta da injin ban ruwa cikin abin da suke wayar da kai a kansa kafin kowace damina. Iyaye kuma, idan ɗanku soja ya bugo waya ya ce yana hanya, a wanke masa mota, ku gaya masa an wanke, amma makullin yana hannun Baba sai bakanike ya zo ya duba tanki.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Nan muka kawo ƙarshen sharhinmu na yau. Allah ya kare mu daga gobara, ya zaunar da ƙasar Zuru da Jihar Kebbi lafiya.